Ƙwaƙwalwa Kaɗai Ta Isa Mulki? Mu Leƙa Tarihin Amurka

 Duk lokacin da siyasar Amurka ta ɗau zafi, sai ka ga musu ya ɓarke a wannan dandali a kan wane shugaba ne mai ƙwaƙwalwa, wane ne daƙiƙi. Wannan ya ce Obama ya yi Harvard, wancan ya ce Bush ƙarami ko magana ba ya iya jerawa, wani ya ce Trump ɗan wasan talabijin ne kawai. Ina ganin ma'aunin da muke awo da shi bai cika ba, kuma tarihin Amurkar da kanta ya ishe mu shaida. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Abu biyu nake so mu raba. Na farko shi ne sani, wato kaifin ƙwaƙwalwa da tarin bayanai. A Turanci ma kalma ɗaya suke amfani da ita ga basirar mutum da kuma bayanan leƙen asiri. Na biyu shi ne iya sawwara abu a zuci: mutum ya zauna ya hango abin da bai taɓa faruwa ba, ko ya shiga rigar abokin gabarsa ya kalli duniya da idonsa. Amurka ba ta cika rasa na farkon ba. Inda take yawan yin tuntuɓe shi ne na biyun, wani lokaci ya yi mata ƙaranci, wani lokaci kuma ya yi yawa har ya tsinke linzami.

Mu fara da Pearl Harbor. Ranar Lahadi 7 ga Disamba 1941 jiragen Japan suka afka wa sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii, mutum fiye da 2,400 suka mutu. A lokacin Amurka tana karanta saƙonnin sirrin diflomasiyyar Japan, ta san dangantaka ta lalace. Abin mamaki, tun a watan Fabrairun 1932 wani hafsan sojan ruwanta, Harry Yarnell, ya gwada irin wannan harin a atisaye, da jirage daga manyan jiragen ruwa biyu, da sanyin safiyar Lahadi, kuma ya shammaci masu tsaron wurin. A Nuwamban 1940 Ingila ta nuna wa duniya a tashar Taranto ta Italiya cewa jiragen sama na iya nakasa jiragen yaƙin da ke daure a tasha. Duk wannan yana rubuce. Abin da manya suka kasa haɗiyewa shi ne wai Japan za ta yi ƙarfin halin ƙetaro teku mai nisan dubban kilomita ta tsokani wanda ya fi ta ƙarfi. Sun auna Japan da hankalinsu, alhali shugabanninta suna ganin takunkumin man fetur da aka sa musu a 1941 ya riga ya shaƙe musu wuya.

Bayan yaƙi, talakan Amurka ya daɗe yana ɗari-ɗari da 'yan boko masu zurfi. A zaɓen 1952 da na 1956 Adlai Stevenson, mutum mai zalaƙa da karatu, ya sha kaye a hannun Janar Eisenhower, har ana yi masa ba'a ana ce da shi mai kai kamar ƙwai. 'Yan jami'a da yawa suna kallon Eisenhower a matsayin dattijon da ba abin da ya sani sai wasan golf. Amma a 1954, da Faransa ta shiga tsaka mai wuya a Dien Bien Phu ta nemi Amurka ta kawo mata ɗauki da jiragen yaƙi, wannan dattijon ne ya ƙi shiga ba tare da ƙawaye da amincewar majalisa ba. Ya ga yaƙi da idonsa, ya san yadda ake shiga a kasa fita. Gaskiya dai shi ma ya ɗaure wa gwamnatin Kudancin Biyetnam gindi da kuɗi da masu ba da shawara, don haka ba za a wanke shi tas ba.

Sai ga John Kennedy a 1961, ya zo da tawagar da ba a taɓa ganin irinta ba. McGeorge Bundy ya zama shugaban tsangaya a Harvard yana ɗan shekara 34. Robert McNamara, gwanin lissafi, bai fi 'yan makonni da zama shugaban kamfanin mota na Ford ba aka ɗauko shi aka ba shi ma'aikatar tsaro. An ruwaito cewa Lyndon Johnson, mataimakin shugaba, ya je yana ba kakakin majalisa Sam Rayburn labarin kaifinsu, dattijon ya ce hankalinsa zai fi kwanciya da a ce ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa tsayawa takarar ƙaramin muƙami a ƙauye. Ma'ana, sun san littafi, amma ba su taɓa zama gaban talaka sun nemi yardarsa ba.

Wata uku da rantsuwa suka fara cin karo. A Afrilun 1961 hukumar CIA ta sauke 'yan gudun hijirar Kyuba kusan 1,400 a gaɓar da ake kira Bay of Pigs, da zaton jama'a za su tashi su taya su kifar da Fidel Castro. Cikin kwana uku aka gama da su. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa da gaske yadda manomin Kyuba zai kalli baƙin da Amurka ta ɗauko ta ba makamai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin Kennedy ya cancanci a tuna da shi. A Oktoban 1962 jirgin leƙen asiri ya ɗauko hotunan makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet a Kyuba. Kwana goma sha uku duniya tana tsaye a bakin rami. Manyan hafsoshi, musamman Janar Curtis LeMay na sojan sama, suka dage a kai hari. Kennedy, wanda kunamar CIA ta riga ta harba a bara, ya ƙi sakin jiki da su. A shekarar ya karanta littafin Barbara Tuchman a kan yadda sarakuna da janarorin Turai suka zame cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne zai ja da baya. Sai ya riƙa maimaita tambaya ɗaya: in mun yi kaza, shi Khrushchev me zai ga ya zame masa dole?

Ranar 26 ga Oktoba wasiƙa ta zo daga Khrushchev mai sassauci. Washegari wata ta biyo mai tsauri, tana neman Amurka ta kwashe makamanta daga Turkiyya, a ranar kuma aka harbo jirgin leƙen asirin Amurka a sararin Kyuba, matuƙinsa ya mutu. A nan ne tsohuwar zuma ta yi magani. Llewellyn Thompson, wanda ya yi jakada a Mosko daga 1957 zuwa 1962, ya san Khrushchev har cikin iyalinsa, ya ce mutumin nan hanyar fita yake nema wadda ba zai ji kunya ba, a ba shi abin da zai nuna wa mutanensa cewa ya ceci Kyuba daga mamaya. Aka amsa wasiƙar farko a fili, aka tura Robert Kennedy ya yi wa jakadan Sobiyet alƙawarin sirri a kan makaman Turkiyya. Ranar 28 ga wata Khrushchev ya sanar da janyewa. Sai bayan shekara talatin, a wani taro a Havana a 1992, Amurkawa suka ji cewa akwai ƙananan makaman nukiliya na fagen daga a tsibirin, da sojojin Sobiyet sama da 40,000, ninkin-ba-ninkin abin da CIA ta ƙiyasta. Ka ga bayanan da ke kan teburin Kennedy ba daidai suke ba. Da ya bi su ido rufe ya kai hari, Allah kaɗai Ya san inda za a tsaya.

To wannan tawagar dai, kusan mutanen nan dai, su ne suka kai Amurka Biyetnam suka baro. McNamara ya mayar da yaƙi lissafi: gawa nawa aka ƙirga a wannan mako, tan nawa na bam aka zuba, ƙauye nawa aka "tsarkake". Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san abin da ke faruwa in aka ce da lamba za a auna ƙoƙarinka, lambar ce za ta riƙa kumbura tana hawa sama. Hafsoshi suka riƙa turo alƙaluman da Washington ke son ji. Zuwa 1969 sojojin Amurka a can sun haura 540,000. A ƙarshe Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu, 'yan Biyetnam kuwa sai dai a yi maganar miliyoyi, kuma a Afrilun 1975 Saigon ta faɗi.

Kuskuren yana cikin hoton da suka zana a zukatansu. Sun ɗauka Hanoi 'yar aiken Sin ce da Mosko, in ta yi nasara sauran ƙasashen yankin za su bi kamar jerin bulo. 'Yan Biyetnam kuwa yaƙin 'yanci suke ganin suna yi, wanda suka fara da Faransa, kuma Sin ɗin da ake cewa uwar gijiyarsu ce sun shafe ƙarnuka suna gwabzawa da ita. A 1979, shekara huɗu kacal da faɗuwar Saigon, Sin da Biyetnam suka gwabza yaƙi a kan iyaka. McNamara da kansa ya amsa a littafinsa na 1995 cewa sun yi kuskure babba, daga baya kuma ya bayyana cewa a rikicin Kyuba sun samu wanda ya san zuciyar Rashawa, a Biyetnam ba su da irinsa. Wani ɓangare na dalilin shi ne a shekarun 1950, zamanin farautar 'yan gurguzu na Sanata McCarthy, an kori ko an tsangwami ƙwararrun ma'aikatar harkokin waje da suka san Sin da yarenta. Lokacin da aka zo buƙatarsu, kujerunsu babu kowa. David Halberstam ya rubuta littafi a kan tawagar nan a 1972, ya sa masa suna mai nufin zaƙaƙurai mafiya kaifi, kuma da gatse ya sa sunan.

Yanzu mu juya ga wanda 'yan boko suka fi rainawa, Ronald Reagan, tsohon ɗan wasan Hollywood. A Yunin 1983 ya kalli wani fim mai suna WarGames, labarin yaron da ya kutsa kwamfutar sojoji da wasa har ya kusa tayar da yaƙin nukiliya. Bayan 'yan kwanaki, ana tsakiyar taro da manya, sai ya tambaya ko irin wannan na iya faruwa. Wasu suka yi murmushi. Janar John Vessey, shugaban hafsoshin tsaro, ya je ya bincika, ya dawo ya ce lamarin ya ma fi yadda shugaban ke zato muni. A Satumban 1984 Reagan ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa na kare kwamfutoci da hanyoyin sadarwar gwamnati, tun kafin yawancin mutane su ji kalmar intanet.

A Oktoban 1983 kuma ya kalli The Day After tun kafin a nuna wa jama'a, fim ɗin da ya kwatanta garin Lawrence na jihar Kansas bayan faɗuwar bam ɗin nukiliya. Ya rubuta a kundin ajiyarsa cewa fim ɗin ya jefa shi cikin damuwa. Da aka haska shi a talabijin a Nuwamba, kimanin mutum miliyan 100 suka kalla. Wannan fa mutumin da a Maris ɗin shekarar ya kira Tarayyar Sobiyet daular sharri. A ƙarshen shekarar ya fara fahimtar cewa mutanen Mosko da gaske suke tsoron Amurka ta fara kai musu hari, abin da da can bai taɓa kawowa a ransa ba. Ba fim kaɗai ya sauya shi ba. Akwai zuwan Gorbachev a 1985, akwai durƙushewar tattalin arzikin Sobiyet, akwai zanga-zangar jama'a a Turai. Amma da dama ta zo, an samu shugaban da ya riga ya ga masifar a zuci. Suka haɗu a Reykjavik a 1986, a Disamban 1987 suka sa hannu a yarjejeniyar da ta sa aka lalata makamai masu linzami kusan 2,700. Shi ɗin ne kuma ya dage a kan garkuwar sararin samaniya da aka yi wa laƙabi da Star Wars, wadda ta lashe biliyoyin daloli ba a gina ta yadda ya yi mafarki ba. Baiwar da ta taimake shi a can ita ce ta ja shi a nan.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya kashe mutum kusan 3,000, maharan 19 ne, jirage huɗu. A watan Mayun 2002 Condoleezza Rice, mai ba shugaba shawara kan tsaro, wadda farfesa ce da ta riƙe babban muƙami a jami'ar Stanford, ta ce ba ta jin akwai wanda zai iya hasashen za a mayar da jirgin fasinja makami. Alhali a 1994 marubucin labaran ƙirƙira Tom Clancy ya ƙare wani littafinsa da matuƙin da ya kifa jirgi a kan ginin majalisar Amurka, kuma miliyoyi sun karanta. A Disamban shekarar aka sace jirgin Air France a Aljiyas, jami'an Faransa suka afka masa a Marseille bisa fargabar za a tarwatsa shi a kan birnin Paris. A Yulin 2001 wani jami'in FBI a Phoenix ya rubuta takarda yana jan hankali a kan masu tsattsauran ra'ayi da ke shiga makarantun koyon tuƙin jirgi. A Agusta aka kama Zacarias Moussaoui a Minnesota. Ranar 6 ga watan aka kai wa Shugaba Bush rahoton da kansa ke cewa Bin Laden ya ƙudurta kai hari cikin Amurka. Kowace takarda tana cikin fayil ɗinta, kowane ofis yana riƙe da nasa guntun, ba wanda ya ɗinke su. Hukumar binciken da ta fitar da rahotonta a Yulin 2004 ta lissafa gazawa iri huɗu, ta sa gazawar sawwara abin da ka iya faruwa a kan gaba. Bayan harin har marubutan Hollywood sojoji suka tara a wata cibiya ta jami'ar Kudancin California don su kawo irin hare-haren da za su iya ƙirƙirowa. Ihu bayan hari ke nan.

Daga nan sai aka faɗa ɗaya ɓangaren. Mutanen da aka zarga da kasa hango masifa suka koma ganin masifa a kowane lungu, kuma a nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Aka ce wai Saddam Hussein ya nemi sayen yuraniyom daga Nijar. A Fabrairun 2002 CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, mutumin da ya taɓa aiki a Nijar ya san ƙasar. Ya zauna da tsoffin manyan jami'ai, ya duba yadda ma'adinan yankin Arlit ke ƙarƙashin kamfanonin da Faransa ke jagoranta, inda ba yadda za a yi ɗaruruwan tan su fita ba a sani ba. Ya koma ya ce da wuya maganar ta zama gaskiya. Duk da haka, ranar 28 ga Janairun 2003 Bush ya tsaya gaban majalisa ya ambaci yuraniyom daga Afirka, ya jingina maganar ga gwamnatin Birtaniya. Ranar 7 ga Maris Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ɗaya daga ciki ma tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar fiye da shekara goma kafin ranar da ke jikin takardar. Ƙaramin akawu a Yamai zai gane wannan cikin minti biyar. Bayan mako biyu aka afka wa Iraƙi. Ba a samu makaman ƙare dangin ba, Amurkawa kusan 4,500 suka mutu, 'yan Iraƙi dubban ɗaruruwa, kuma daga tokar yaƙin ƙungiyar IS ta tsiro.

Fim ma ya taka rawarsa a wannan zamanin. Shirin talabijin mai suna 24, da ya fara a Nuwamban 2001, ya riƙa nuna jarumi yana azabtar da wanda ake zargi, cikin minti kaɗan ya faɗi inda bam yake, a ceci gari. Abin ya kai ga a 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan na makarantar sojoji ta West Point ya tafi California takanas ya roƙi masu shirin su sassauta, domin ɗalibansa sun fara ɗaukar abin a matsayin darasi. A Disamban 2014 rahoton kwamitin majalisar dattawa ya ce azabtarwar da CIA ta yi ba hanya ce mai inganci ta samun bayanai ba.

Obaman da muke yaba wa karatunsa shi ma bai tsira ba. A 2011 ya shiga yaƙin da ya kawar da Gaddafi, a 2016 kuma da aka tambaye shi kuskurensa mafi girma, ya ce rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar gwamnatin Libiya. Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. Rumbunan makaman Libiya suka buɗe, mayaƙa suka gangaro, zuwa 2012 arewacin Mali ya suɓuce, kuma har yau Sahel ba ta koma daidai ba. Masana sun cika ɗakin da aka yanke shawarar, amma ba su zauna sun hango hanyar da ta taso daga Sabha ta ratsa hamada zuwa Kidal da Agadas ba.

Kar a fahimce ni baibai, ba yabon jahilci nake yi ba. Thompson da ya ceci lamarin Kyuba masani ne, Wilson masani ne, jami'in Phoenix ma haka. Bambancinsu da sauran shi ne saninsu ya haɗu da zama cikin mutanen da ake magana a kansu, da kuma ƙarfin halin faɗin abin da shugaba ba ya son ji. Kennedy ya saurari nasa, Bush bai saurari nasa ba. Saboda haka in za mu auna shugaban Amurka, na yanzu ko mai zuwa, takardar digirinsa da daɗin bakinsa ba su ishe ni ba. Zan so in san ko akwai mutum a ɗakinsa da zai iya ce masa "ranka ya daɗe, ba haka ba ne" ya kwana da aikinsa, kuma in ya ƙirƙiro hoto a ransa, ko yana yarda a gwada shi da hujja kafin jirage su tashi. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin sau biyu cikin shekara goma, a 2003 da 2011, shawarar da aka yanke a Washington ta biyo ta kan yankinmu, sau ɗaya da sunan Nijar a takardar jabu, sau ɗaya da makaman Libiya.

Masana tarihi da ke cikinmu, in akwai gyara ko ƙari, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ba mu shugabanni masu sauraro, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.